Na daina cin miyar gidan aminiyata

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin, a sakaya sunana. Ni tsohuwa ce, na daɗe ina karanta dabarun girkinku ban taɓa sa baki ba, yau kuwa abin ya zo kaina, don Allah ku ba ni shawara.

A da, in aka kawo bandar kifi gida, a ragaya ake rataye ta saman murhu, hayaƙin girkin kullum shi ne maganin ƙwari. Wake kuma a cuɗe shi da toka da busasshen barkono, a zuba a tulu a liƙe baki da laka, har damina ta zagayo ba ƙwaro ko ɗaya. Na bi maigidana, Allah ya jiƙansa, fataucin goro da shanu, mun zauna Kumasi, mun zauna Gaundare, mun yi shekaru a Injamena, na ji yarensu na ci tuwonsu. Matan Asante kan mayar da kifi kan wuta duk bayan 'yan kwanaki, matan Shuwa gishiri da rana suka riƙe. Ko'ina talaka na da dabararsa. Amma ban taɓa ganin inda ake yayyafa wa abinci maganin kuɗin cizo ba, sai da na dawo gida ƙasar Bebeji da tsufana.

Ina da aminiya tun muna 'yan mata, tun kafin ruwan Tiga ya tashi ƙauyensu. Yanzu katanga ɗaya ce tsakaninmu, kuma muna ciyayya, duk abin da aka dafa a gidana sai kwano ya je mata, nata ma ya zo mini. Shekara uku ke nan ba ta gani. Ɗanta ɗaya tilo yana Fatakwal yana tuƙin mota, matar ɗan nan ce ke riƙe da ita, kuma tsakani da Allah yarinyar tana ƙoƙari, ita ke mata wanka, ita ke yanke mata farce, ban taɓa jin ta ɗaga mata murya ba.

Da kakar nan na shiga kai musu ɗanyar kuɓewa, sai na tarar da yarinyar a bayan ɗaki ta baje bandar tarwaɗa a kan buhu, ga kwalbar fiya-fiya, tana tsoma tsintsiya tana yayyafawa kamar mai shirin shara. Ƙuda na sauka yana mutuwa a kan kifin, tana kaɗe shi da gefen zani. Irin kifin nan ne na sha miyar kukarsa kwana biyu kafin nan har na suɗe kwano. Na ajiye kuɓewar na fice.

Washegari na kira yarinyar gidana, ban yi faɗa ba. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce ai kowa haka yake yi, masu sayarwa ma sun fesa kafin ita, kuma in an wanke da ruwan zafi fita yake. Na ce to ƙudan da na gani fa. Sai ta yi dariya ta ce, "Hajiya, ai mu ba ƙuda ba ne." Na ɗauko ragayata na ba ta, na ƙara da barkono, na nuna mata yadda ake yi. Ta yi godiya. Bayan mako guda na ga ragayar a ƙofar ɗakinta an zuba takalman yara a ciki, ashe da gas take girki, babu murhun da zai ba da hayaƙi.

Tun daga ranar, in kwanonsu ya zo sai in juye a rami in binne, ko kajina ba na ba. Daga baya ko duba abin da ke ciki na daina yi, kawar da kai nake in juye. A nan na yi kuskuren. Ranar Juma'a muna zaune da aminiyata a tabarma, ta tambaye ni yaya miyar jiya, na ce kifin ya yi daɗi ƙwarai. Sai ta ce, "Ta Kumasi, jiya faten kabewa muka yi." Haka take kirana in tana tsokanata, amma ran nan ba tsokana a muryarta. Ta ce ta gane, na ci na ƙasashe, na makauniya ya yi mini ƙanƙanta. Na buɗe baki zan faɗi gaskiya, sai ga yarinyar ta kawo mata ruwan alwala tana gyara mata ɗankwali, na haɗiye maganata.

Yau kwana tara kwanonta bai zo ba, nawa kuma da na aika da dambun zogale aka dawo da shi ko buɗewa ba a yi ba, ga shi da ma shi ne abinci ɗaya da na tabbata lafiyayye take ci. In na faɗa mata, na san halinta, ba za ta sake karɓar ko ruwa daga hannun yarinyar ba, maganar za ta kai Fatakwal, in auren ya girgiza wa zai riƙe ta, ni da nake dogara sanda? In na yi shiru kuma tana can tana cin guba da bismilla, tana ƙullace da ni a kan abin da ban yi ba.

Ku gaya mini, in same ta in faɗa mata komai, ko in kira ɗan a waya, ko in sake komawa kan yarinyar da zafi wannan karon? Duk wadda aka zaɓa, na san abu ɗaya, ko an shirya gobe, ba zan sake buɗe kwanon gidan nan ban fara sunsunawa ba.