A Cire Sunana Daga Bitar Litinin, A Sa Na Malama Rukayya

Zuwa ga Daraktan Sashen Horar da Ma'aikata na kwalejinmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da iyali da duk ma'aikatan ofishinka. Ya ƙoƙari, ya fama da jama'a? Allah ya taimaka.

Ranka ya daɗe, ni ne Malam Habu na Sashen Labarin Ƙasa, wanda ɗalibai ke kira Baba Taswira. Shekara talatin da uku da 'yan kai ke nan ina riƙe da alli a wannan kwaleji, saura wata goma sha huɗu cif in ajiye shi. Na san za ka yi mamakin ganin takardata a jarida, alhali tsakanin ofishina da naka bai fi taku hamsin ba. Ka yi haƙuri. Sau uku ina zuwa ofishin nan, sau ukun kuma ana fin ƙarfina da ladabi, shi ya sa na fito fili. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ƙorafina ɗaya ne, kuma na san ba a saba jin irinsa ba: an cika tura ni bita. Mutane na kukan an hana su, ni ina kukan an yi mini yawa. Bitar da za a fara ranar Litinin mai zuwa a ɗakin taron nan na Tarauni, ta kwana biyar kan sababbin dabarun koyarwa, ita ma sunana ne ya fito a allon sanarwa. In aka bar shi a haka, wata baiwar Allah a sashenmu, Malama Rukayya, za ta rasa ƙarin girmanta karo na uku. Bari in bi maka zancen daki-daki.

Na ɗaya, yadda sunan nawa yake fitowa.

Takarda takan zo daga ofishinka, a ce sashe ya ba da mutum ɗaya. Shugaban sashe ya tara mu, ya karanta, ya ce wa za a tura? Wannan ya duba wayarsa, wancan ya gyara hula. Mu goma sha ɗaya ne a sashen, takwas daga ciki ni na koyar da su, har da shi shugaban. Can sai wani ya yi gyaran murya ya ce, “Ai ga Malam a zaune, wa zai tsallake shi?” Shi ke nan, an yanke. Kowa ya ce haka ne, haka ne. In na buɗe baki na ce a ba yara, sai a yi dariya, a ce Malam ke nan, kullum da kara. Kafin in rufe baki an rubuta.

A haka na je bita sau tara a cikin shekara shida. Ba ƙari na yi ba, jakunkunan suna nan shaida, don kowace bita sai an raba jaka. Biyu jikokina na zuwa Islamiyya da su. Ɗaya uwargidana Hajiya tana ajiye busasshiyar kuɓewa da daddawa a ciki, ta ce ba ta taɓa samun abin da ɓera ya kasa hudawa kamarta ba. Sauran suna rataye a bayan ƙofa, har maƙwabtanmu a Gyadi-Gyadi sun fara tambaya ko sari na fara.

Kuma kada in yi wa kaina tsarki. Zuwan farko da na biyu na ji daɗi ƙwarai. Ga sanyin ɗaki, ga shinkafa da cinyar kaza, ga “Baba, bismillah nan gaba” duk inda na juya. Girma yana da zaƙi, duk wanda ya ce maka ba shi da zaƙi bai ɗanɗana ba ne. Laifina na farko ke nan, na amsa shi.

Na biyu, abin da kwaleji take samu da tura ni.

Ranka ya daɗe, ba ta samun komai. Ba wai bitar ce ba ta da amfani ba, wallahi tana da shi. Masu koyarwar sun san aikinsu, yara ne masu kaifi da haƙuri. Ni ne ba wurina ba. A bitar bara an raba mana takarda aka ce kowa ya rubuta inda yake son ya kai a aikinsa nan da shekara goma. Na kusa da ni ya cika shafi biyu, zai zama farfesa, zai rubuta littattafai. Ni kuwa na rubuta gaskiyata: in Allah ya ja kwana, ina kan tabarma a ƙofar gida, ina jiran tumakina su dawo daga kiwo. Yaron da ke koyarwa ya karanta, ya ce a tafa wa Baba. Aka tafa mini.

Wata bitar kuma ta zana taswira da kwamfuta ce. Ni da nake zana Najeriya a allo da hannu ɗaya ba tare da na ɗaga alli ba, har da Neja da Binuwai, sai ga ni kwana uku ina neman inda kibiyar nan ta ɓuya a fuskar na'ura. Bayan azahar kuwa, in an ci an sha, fanka na kaɗawa, ba na ɓoye maka, nakan tafi. Har hotona an taɓa ɗauka a haka, ya zaga wayoyin malamai, aka rubuta a ƙasa wai Malam yana zurfafa tunani.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ni na riga na bushe a yadda nake, kuma alhamdu lillahi ban bushe a karkace ba.

Na uku, kuma shi ne abin da ya sa na ɗauki biro.

Duk lokacin da na tafi bita, wa kake jin yake riƙe mini ajina? Malama Rukayya. Daga Darmanawa take fitowa a adaidaita sahu, ta yi nata darasin, ta shiga nawa, ɗalibai cike da ɗaki har taga. In na dawo, sai in kwashe takardun da aka raba mana in miƙa mata in ce ko za su yi miki amfani. Ita kuwa sai ta karanta su tas. Raba ɗalibai rukuni-rukuni da ake yi yanzu a sashenmu, ita ta kawo shi, daga takardun da na yi barci a kansu. Taswirar kwamfutar da ta gagare ni, ita ta koya wa kanta, yanzu har gyara mini take yi. Ilimin yana kanta, takardar shaidar tana ƙarƙashin katifata da sunana a jiki.

Ban san abin da hakan yake jawo mata ba sai makon jiya. Madam Ngozi, sakatariyar sashenmu, haifaffiyar Kano ce, Hausa a bakinta kamar ta 'yan unguwar Bakin Zuwo, amma Allah bai ɗora mata irin kunyarmu ba. Ta shigo ofishina ta tura ƙofa, ta ce, “Baba, ka san fayil ɗin Rukayya sau biyu yana dawowa daga kwamitin ƙarin girma?” Na ce ban sani ba, me ya rasa? Ta ce takarda ɗaya tak, shaidar halartar bitar koyarwa, wadda doka ta ce sai da ita. Ta ce kai kana da tara, ita ba ta da ko ɗaya, kuma ta Litinin ce ta ƙarshe kafin kwamiti ya zauna a ƙarshen zangon nan. Ta faɗi maganarta ta fita, ta bar ni da shayi yana hucewa.

Kunya ta kama ni irin wadda na daɗe ban ji ba. Girma ya faɗi, raƙumi ya shanye ruwan 'yan tsaki. Na tuna ranar da aka zaɓe ni a taron sashe, muryar Rukayya na cikin masu cewa haka ne.

Washegari na hango ta a bakin titi tana jiran abin hawa, na tsaya na ɗauke ta. Na ce, 'yar nan, me ya hana ki gaya mini? Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafi, ta ce ba komai Malam, komai lokaci ne. Na ce to ki je a madadina. Ta ce subhanallahi, ita ta isa ta karɓi abin da aka ba malaminta? Me mutane za su ce? Har na sauke ta a ƙofar kwaleji ba ta ɗaga kai ba. Sa'o'inta da aka ɗauka aiki tare duk sun hau mataki na gaba. Ita ce ta fi su zuwa aji, ita ce a baya.

Na huɗu, zuwana ofishinka.

Ka tuna yadda aka yi, amma bari jama'a su ji. Zuwan farko, shekara biyu da suka wuce, da na shigo ka miƙe tsaye, ka zagayo ka ba ni kujerarka, ka aika a kawo lemo. Na ce don Allah a daina sa ni. Ka ce an gama, Malam. Wata biyu sai ga sunana. Zuwa na biyu ma haka, sai dai an ƙara da gyaɗa. Na uku shi ne na ranar Talatar nan, na faɗa maka har sunan wadda nake so a sa. Ka yi murmushi ka ce Allah ya ƙara girma, Malam, halinka na son yara ba zai canja ba. Ranar Laraba na duba allo, ga ni nan dai, har an ja layi a ƙarƙashina.

Sai a daren jiya Hajiya ta warware mini. Ta ce mini, Malam, ai kai ka jawo. Baƙo in an kawo masa abinci ya ce ya ƙoshi, wane mai gidan kirki ne zai ɗauke kwano? Tura masa ake yi gabansa. Ashe duk roƙon da nake yi, kara kuke ɗaukarsa, kuna ganin in kuka cire ni kun ci fuskata. To, ranka ya daɗe, ga shi a rubuce, a gaban mutanen Kano: na ƙoshi. Ba kara ba ce, ba kawaici ba ne. Na ƙoshi har wuya.

Kuma ban ga laifinka da yawa ba, tarbiyya ce. Na san ka tun kana zama a layin baya, kana zana mini taswirar Afirka ta fito kamar fanke. Ka girma ka zama mutum, ina alfahari da kai ko a gaban wa. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Saboda haka ga roƙona.

Ɗaya: kafin a tashi aiki ranar Juma'a, a goge sunana daga jerin bitar Litinin, a rubuta na Malama Rukayya, kuma ofishinka ya aika mata takarda a hukumance, don in ba da hatimi ta gani ba, ba za ta taka wurin ba.

Biyu: a daina tambayar wa za a tura a gaban taron sashe. Muddin dattijo na zaune a ɗaki, ba yaron kirkin da zai ɗaga hannu. Ofishinka ya buɗe littafi, ya rubuta wanda ya je da wanda bai taɓa zuwa ba, a fara da wanda bai taɓa ba, da wanda ƙarin girmansa ke rataye a kai. Na tabbata ba sashenmu kaɗai ke da irina ba. Ka leƙa sauran, za ka tarar da tsofaffi masu tarin jaka da yara masu sunkuyar da kai.

Uku: in dai dole sai an girmama mu, akwai hanya mai sauƙi. A kira mu ranar rufewa mu yi addu'a, mu miƙa wa yaran takardunsu, a ba mu cinyar kazarmu mu tafi gida. Wannan kam ba zan ce na ƙoshi ba.

Ke kuma Rukayya, na san za a kawo miki jaridar nan, kuma na san za ki ji kamar ƙasa ta tsage ki shige. Ki yafe mini kiran sunanki da na yi, ki yafe mini shekarun da na tare miki hanya ban sani ba. Tun kina aji ɗaya ban taɓa sa ki abu kin ƙi ba, to yau ma umarni ne. Na yi magana da maigidanki, ya amince. Ranar Litinin ƙarfe takwas saura kwata ni da Hajiya muna ƙofar gidanku da tsohuwar motar nan tawa, in ta yarda ta tashi. Zan kai ki har bakin ɗakin taron, in tsaya in ga kin zauna, sannan in wuce kwaleji in shiga ajinki. Kwana biyar ɗin nan ni zan riƙe miki ɗalibanki, ki rubuta mini inda kuka tsaya.

Ranka ya daɗe, ina roƙon Allah ya yi riƙo da hannunka, ya ba ka ikon yin adalci ko da a kan malaminka ne, ya albarkaci zuriyarka, ya ɗaukaka kwalejinmu. Mu kuma da muka zo gangara, Allah ya sa mu sauka lafiya, ba da haƙƙin kowa a wuyanmu ba.

Wassalam.

Naka,
Malam Habu,
Sashen Labarin Ƙasa.
Gyadi-Gyadi, Kano.