Karan Furen Taga Ya Canja Launi

Litinin, 3 ga Maris

Aikin farko: duba furen taga.

Karan ya fara komawa ruwan ɗorawa. Ba daga sama ba, daga gindi. Irin furen da ake kira okid ne, kuma shi kaɗai ne shukar da ta taɓa rayuwa a hannuna. Ba ya son ƙasa, cikin ɓawon itace yake zaune, ruwa sau ɗaya a mako. Ban taɓa saɓawa ba. Ko na saɓa?

Yaya ya sake bugo waya. Wai in daina barin Baba shi kaɗai ina tafiya shago, mantuwarsa ta yi yawa, a kai shi wurin likita. Na ce tsufa ne kawai. Ni nake zaune da shi, da akwai wani abu ai ni zan fara gani.

Laraba, 5 ga Maris

Na nuna wa mai sayar da furanni hoton a waya. Ya ce in daga sama launin ya fara, furen ya gama lokacinsa ne, ba komai. In ja-ja ne, rana ce ta buge shi. "In kuwa daga gindi ne, ya yi laushi, to Anti, ƙauna ce ta yi masa yawa. Ruwa kike ɗura masa."

Na ce ni ba na wuce ƙa'ida. Ya yi dariya, wai duk wanda ya kashe fure haka yake cewa. Raina ya ɓaci har na koma shago.

Alhamis, 6 ga Maris

Na janye furen daga taga duk da haka. A bi abu ɗaya-ɗaya.

Asabar, 8 ga Maris

Gindin ya fara baƙi. Na danna da yatsa, ya lotsa. Da na zare shi daga tukunya, ɓawon ya jiƙe sharkaf, saiwoyin sun yi lugub, ga wari. Alhali rabona da ba shi ruwa tun wancan makon.

Na hau kujera na duba rufi, babu yoyo. Taga ma lafiya lau. Saura ni. Ko ina zubawa ne in manta? A shekara arba'in? Wannan tunanin ya hana ni cin abinci.

Lahadi, 9 ga Maris

Yau ina gida. Bayan karin kumallo sai ga Baba da kofinsa cike da ruwa, ya juye shi kaf a tsakiyar ganyen furen.

"Baba, me kake yi?"

"Uwata, kin bar abin nan da ƙishi. Ni da na tsufa a gona ba zan zuba ido ba."

Dariya na yi, har da hawaye. Ashe ba ni ba ce! Na zaunar da shi na yi masa bayani tiryan-tiryan. Ya ce, "To, malamar gona, na ji. Shukar da ba ta son ruwa, ai wannan 'yar gayu ce."

Ban gama wanke-wanke ba na ji tafiyarsa. Kofi a hannu.

"Uwata, kin bar abin nan da ƙishi."

Murya ɗaya, fuska ɗaya, kamar ba mu yi maganar ba. Da rana ya sake. Da yamma ma. Ban hana shi ba. Na tsaya a bakin ƙofa da soso a hannu.

Litinin, 10 ga Maris

Ban je shago ba. Na ce ciwon kai.

Talata, 11 ga Maris

Na yanke saiwoyin da suka ruɓe, na datse karan, na canja ɓawo. Abin da ya rage mai rai bai taka kara ya karya ba. Baba ne ya riƙe mini tukunyar, hannunsa ko rawa ba ya yi. Yana kallo ya ce aikina ya yi kyau, sannan ya tambaye ni furen na waye.

Yaya ya kira. Ban ɗauka ba. Me zan ce masa? Kullum ina fita tun safe, murhun gas na nan, ƙofar titi na nan.

Alhamis, 13 ga Maris

Furen yana ɗakina yanzu, saman kabad. Ban sani ba ko zai tashi. Na sa wa Baba bokiti mai huda da ƙasa da ƙwayoyin wake a bakin taga, ya shayar iya son ransa.

Ba wai na yarda da maganar Yaya ba ne. Dubawa ce kawai.

Gobe:
– roƙon mai shago ya mayar da ni rabin yini
– cire kan murhu kafin in fita
– goge farar rigar Baba
– kiran Yaya, ya zo da mota
– katin asibiti, ban tuna inda na ajiye ba