Kurar da Na Zana wa Indo

Daren Laraba, sha biyu ga Safar, a garin Attantane.

Tun da na sauke karatu nake zana wa Indo, 'yar yayata, namun daji a ragowar takardu. Kura kuwa na yi mata bakin dariya, don kada Indo ta tsorata.

Yau da hantsi tarko ya kama kura bayan danga. Indo ta ruga ta miƙa mata hannu tana cewa, "Kawu, ga taka!" Yatsu biyu kurar ta cire mata, ba uku ba yadda ake faɗa, ni na ɗaure hannun. Maza suka farfasa kan kurar da kulake.

Yaya ba ta zage ni ba. Cewa ta yi, "Malam, gobe sai ka zana mata yatsu."