Katin Zaɓen Mahaifiyarki

Zuwa ga ɗiyata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya tarin autarki? Ni lafiya lau nake. Ƙafar ce dai ba ta shiri da matakalar gidan nan, shi ya sa na rage sauka. Rediyo na ɗebe mini kewa.

A rediyon na ji kakakin wani ɗan takara yana cewa asibitin unguwarmu saura fenti kawai. Haka aka faɗa mana shekarar da mahaifiyarki ta cika a mota, muna neman inda akwai likita.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Gab da zaɓen da ya wuce, wakilin jam'iyya ya zo ta'aziyya, ya karɓi katinta, wai za a cire sunanta daga rajista. Ni da na yi aikin malamin zaɓe shekara da shekaru, ni na miƙa masa da hannuna. Bayan zaɓe ya dawo da shi. Da na bincika, sai na tarar an rubuta cewa ta jefa ƙuri'a. Tun daga nan nake mafarkinta a layi, cikin rana, tana duban tawada a yatsanta, tana tambayata wa ta zaɓa.

Katin yana cikin gwangwanin allurarta da ke wurinki, ƙarƙashin zare. Zaɓe ya sake ƙaratowa, 'yan jam'iyyar za su zo neman katin da fara'a, su tambayi jikina. Ki ƙona shi kafin su iso. Ta gaji da tsayuwa, ɗiyata, a bar ta ta zauna.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki.