Vandi a Damana

Lahadi, 16 ga Maris, 2025

Sabon fastonmu, Wisdom, ya tayar da ƙura a taron dattawa. Wai wanke ƙafar da muke yi kafin Jibin Ubangiji, ranar Alhamis ta makon Ista, alama ce kawai. Abin da ake nufi mu yi wa juna hidima, ba lallai sai da daro da tawul ba. Dattawa suka yi masa caa. Kowa ya juyo yana kallona, don shekara talatin ina koyar da ajin baftisma ban taɓa yarda a lanƙwasa aya ba, har ana ce mini Malam A-Rubuce-Yake. Sai kawai na ji bakina ya ce yaron yana da gaskiya.

Laraba, 19 ga Maris

Labari ya iso wa matata Dijatu ta wurin Zumuntar Mata. Tana tsintar wake, ko kai ba ta ɗaga ba. "Malam, wannan sabon fahimta, tun da Baba Tizhe ya mutu ne ya zo maka?" Na fita na ba ta wuri.

Bari in rubuta tunda ba mai karantawa. A coci muna zama a benci bisa shekarar baftisma, kowa ya wanke ƙafar na damansa. Shekara goma Baba Tizhe ne tsakanina da Vandi. Mun binne shi a Janairu. Bana Vandi ne a damana.

Jumma'a, 28 ga Maris

Ranar da muka gudu daga Mubi a 2014, ina goye da Mama a hanyar Gella, a-kori-kurar Vandi ta wuce mu, ga wuri a baya. Na kira sunansa har muryata ta dishe. Bayan kwana uku Mama ta rasu a kan dutse, ba mu kai Kamaru ba. Da muka dawo ya ce bai gan mu ba. Tun lokacin gaisuwa ce kawai tsakaninmu, ita ma ta fatar baki. Ina ƙin mutumin nan, kuma ni nake raba gurasa a Jibi.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Wisdom ya zo yi mini godiya, bawan Allah, bai san komai ba. Muka zauna gindin mangwaro. Ya ce, "Baba, mutane suna gani kamar ina rage musu aiki ne. Daro fa sau ɗaya ne a shekara. In ka bi ma'ana, sai ka nemi wanda zuciyanka ba ya so, ka je gidansa ka yi masa aiki kowane sati."

In na bi yadda aka rubuta, Vandi. In na bi ma'ana, Vandi ɗin dai, har da ƙari. Da na sani na tsaya a inda nake.

Asabar, 12 ga Afrilu

Dattawa sun yanke: daro yana nan bana. Ƙuri'a bakwai da huɗu.

Talata, 15 ga Afrilu

Na ce zan je garin Uba duba ƙanwata ranar Alhamis. Dijatu ta ce ƙanwata lafiyarta lau, jiya ma sun yi waya.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Na je coci. Da layi ya iso kaina na durƙusa, na ɗaura tawul, ban kalli fuskar Vandi ba. Ya daɗe kafin ya cire takalmi. Ashe ciwon sukari ya ci ƙafar, babban yatsa babu, ga gyambo a diddige da tsumma a naɗe. Shekara nawa muna benci ɗaya ban sani ba. Na kwance tsumman a hankali, na zuba ruwa. Ana cikin waƙa ya sunkuyo ya ce, "Malam, na gan ku a madubi. Na gani, ban tsaya ba."

Na goge ƙafar da tawul. Na ce, "Kawo ɗayan."

Iyakar abin da na ce ke nan. A hanyar gida na yi kuka, ban san na Mama ba ne ko na haushi.

Asabar, 26 ga Afrilu

Har yanzu ana gardama a coci. An tambayi ra'ayina, na ce ina nazari.

'Ya'yan Vandi duk suna Yola, kuma ba ya iya sunkuyawa ya wanke gyambon da kansa. Na biya gidansa na wanke masa da ruwan gishiri, na naɗe da sabon bandeji. Ba mu yi wata magana ba, sai ta zafin gari. Ban ce na yafe ba. Na gaya wa Dijatu hanya ce ta biyo da ni zan je kasuwa, ta ce to. Ta san gidan ba a hanyar kasuwa yake ba. Na ce wa Vandi sai Laraba.