Hancin Katangar Baba

Ranar Lahadi

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya jikin surukarki? Allah Ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya lau. Inna tana gaishe ki, ta ce in tambaye ki ko hanyar hawa dutsen ce ta ƙara tsawo tun da kika yi aure. Idanunta dai jiya i yau, da murya take gane mutum.

Na zaɓi in rubuto miki maimakon in kira, domin wayar garin nan sai an hau tudu take kamawa, ni kuwa abin da ke bakina ba na faɗa a kan tudu ba ne.

Maganar katangar Baba ce. Katangar dutsen nan ta bayan gidanmu, wadda ta tare gangare shekara arba'in da biyu ba ta bar shi ya sauko kan layinmu ba. Kin tuna kafofin da Baba ya bari a jikinta don ruwan cikin dutse ya sami hanyar fita? Arba'in da ɗaya ne, shi yana ce musu hancin katanga. Ke ce kika taɓa cusa wa ɗaya tsumma kina yarinya, ya kama hancinki da yatsu biyu ya ce to, numfasa mu gani. Kin yi kwana biyu ba kya yi masa magana.

To, majalisar ƙaramar hukuma ta yanke shawarar toshe su duka.

Ga yadda aka yi. Ciyaman ya je taro wani garin kan dutse, ya ga baƙi suna ɗaukar hoto, ya dawo da zazzaɓin ƙawata gari. Za a sare itatuwan da ke saman katangar, a baje fili don ajiye motoci, a sa benci na masu kallon kwari. Ita kuma katangar a yi mata filasta sumul, a shafe ta da fenti, a rubuta barka da zuwa da haruffa masu tsawon mutum. Ya ce kafofin nan ƙazanta ne, gansakuka ke zubowa daga cikinsu kamar majina, ga ƙadangaru.

Kin san wanda ya gabatar da ƙudurin? Yayanmu. Kansilan unguwa, ɗan magini, wanda ya yi shekara uku yana miƙa wa Baba dutse. Ya miƙe ya gyara hula ya karanta shi tsaf, ko tuntuɓe bai yi ba.

Shekarata goma sha tara ina rubuta bayanan taron majalisar nan, ban taɓa ɗaga hannu ba sai ranar. Ciyaman ya dube ni ya yi murmushi, ya ce ashe alƙalami ya fara magana, to ya bari sai an zaɓe shi. Aka yi dariya. Na dubi Injiniyan majalisa, shi kuwa ya ga wani abu mai ban sha'awa a kan takalminsa. Aka kaɗa ƙuri'a, sha ɗaya ba hamayya, kuma da hannuna na rubuta hakan. Hannun har yanzu bai huce ba.

Ki gaishe min da yara, ki ce wa babbar ta riƙe karatu.

Taki har kullum,
Yayarki

Ranar Talata

Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Na sami amsarki, na gode. Na ji daɗi da surukarki ta miƙe. Kin ce in bi a hankali kada in rasa aikina. Na ji. Kura ma ta ji da aka ce mata ta bi a hankali.

An gama aiki cikin sati uku. Ɗan kwangilar, wanda duk gari ke kira Sha Yanzu, bai taɓa gama komai a kan lokaci ba sai wannan. Itatuwa sha bakwai sun tafi. Katanga ta zama fara fat, har tana kashe ido da rana. Gaskiya ta yi kyau, irin kyan da ake yi wa gawa.

An yi ruwa sau huɗu tun daga nan. Da, in aka ɗauke ruwa, kwana uku kafofin suna tsiyaya, kwatar layinmu tana gudu. Yanzu kwatar a bushe take ƙayau. Mai shagon kusa da mu har yana murna wai an huta da sauro. Na tambaye shi ruwan da ya sauka a kan dutsen, ina yake tsammani ya tafi, ko komawa sama ya yi? Ya ce ni dai Malama ban iya ganin alheri in yi shiru ba.

Na shiga ɗakin ajiyar takardu na ofis, inda ɓeraye suka fi ma'aikata zuwa aiki. Na yi yini biyu ina tonon fayil, har na samo rahoton injiniyan da ya duba katangar lokacin da aka gina ta. Shafi shida ne, ɓera ya ci na ƙarshe. A shafi na huɗu ya rubuta abin da Baba ya faɗa mana ba tare da ya taɓa shiga aji ba: ƙasar gangaren nan tana shan ruwa kamar soso, in ba ta sami inda za ta zubar ba, nauyinta zai ninka, kuma duk a bayan katangar zai kwanta.

Na kai wa Injiniya. Ya tura ƙofa ya rufe, ya karanta a tsaye, ya ce min cikin raɗa gaskiyata ce, amma shi saura wata takwas ya yi ritaya. Ya ce in rubuta takarda. Na rubuta. Takardar ta je kwamiti. Kwamiti ya ce ya lura da ita, ya kafa ƙaramin kwamiti na mutum uku da zai kawo rahoto bayan bikin buɗe wurin. Shugaban ƙaramin kwamitin surukin Sha Yanzu ne. Wannan ma ni na rubuta, da kyakkyawan rubutuna da ake yabo.

Yaya ya zo gida ranar Juma'a da lemo a leda. Na tare shi a tsakar gida. Ya ce ina ɓata masa suna a majalisa, wai tun muna yara ba na son a ce shi ne ya yi abu. Ya ce zamani ya wuce na Baba, simintin yanzu ba irin na da ba ne. Na ce masa ruwan fa, shi ma na zamani ne? Ya ce bakina ne ya sa har yau ba a ƙara min girma ba. Na ce nasa kuma shi ya sa aka ƙara masa, don ba a taɓa jin komai ya fito daga ciki ba sai na'am. Inna ta buga sandarta a ƙasa ta ce duk mu fita mata daga gida.

Da ya tafi na roƙe ta ta zo wajenki ta yi damina. Ta ce katangar da mijinta ya gina ba za ta kashe ta ba. Ta ce ita ta ɗebo ruwan da aka kwaɓa ƙasar gindinta, da cikin Yaya a jikinta. Kuma ɗanta ya ce lafiya lau, ɗanta ba zai bar ta ƙarƙashin abin da zai faɗi ba. Me zan ce, Auta? Ba ta ganin katangar. A idon zuciyarta har yanzu ta Baba ce, da hancinta arba'in da ɗaya.

Ki sa mu a addu'a.

Yayarki

Ranar Litinin

Ƙanwata,

Ina gaisuwa. Ina fata kowa lafiya. Ki yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa, hankalina ba a jikina yake ba.

Ƙofar ɗakin Inna ta daina rufuwa. Kafinta ya zo ya fere ta, ya ce damina ce ta kumbura itacen. Bayan kwana uku ta sake cijewa. Jiya lemo ɗaya daga cikin na Yaya ya faɗo daga faranti, ya gangara daga gindin gado har bakin ƙofa shi kaɗai, a daɓen da Baba ya auna da hannunsa, wanda ko ƙwai aka ajiye ba ya motsi. Na tsaya ina kallonsa kamar na ga maciji.

Katangar ta yi ciki. In kin tsaya a bakin layi kin kalle ta ta gefe, za ki ga tsakiyarta ta turo. Filastar ta tsage daga sama zuwa ƙasa, tsakanin barka da zuwa. Na kai rahoto da safe, kafin azahar an turo mai fenti. Ya cike tsagar ya shafe. Ban taɓa ganin ƙaramar hukumar nan ta amsa kuka da sauri haka ba. Falwayar wutar da ke saman gangare ta karkato, wayoyinta sun yi sako-sako. Ruwan rijiyarmu ya gurɓace. Maƙwabta sun fara zuwa suna tsayawa a bakin layi suna kallo ta gefe kamar yadda na nuna musu, sai su koma gida shiru, don kowa yana da ɗa ko ƙani da ke cin abinci a majalisa.

Ranar Asabar za a buɗe wurin. Za a kafa rumfa a kan layinmu, daidai gindin katangar, don rubutun ya fito a hoto. Motocin manyan baƙi kuma a sabon filin da ke sama za a jera su. Ni aka ba aikin buga takardun gayyata. Na buga ɗari biyu.

Na sake yi wa Inna magana, har na yi kuka, abin da rabona da shi tun rasuwar Baba. Ta shafa fuskata ta ce karatu ya yi min yawa, mai yawan karatu ba ya rasa abin tsoro.

Na buɗe akwatin Baba na ƙarfe. Gudumarsa tana nan, da cizal ɗinsa na fasa dutse, a naɗe cikin tsohon buhu. Ko da an shafe su da fenti, na san inda kowace kafa take, don ni nake ƙirga su muna yara in an aike ni na ƙi dawowa. Ba na neman shawararki. Ki dai share ɗakin baƙinki.

Yayarki

Ranar Alhamis

Auta,

Gaisuwa. Muna raye, alhamdu lillahi. Direban motar dare zai kawo miki wannan, mu kuma muna tafe a ta gobe, ni da Inna.

Yau da hantsi na yi shigar ofis, na ɗauki gudumar Baba na fita. Na fara da kafar da kika cusa wa tsumma, ita ce ta uku daga ƙofarmu. Simintin Sha Yanzu bai ba ni wahala ba, yashi ya fi yawa a ciki, karo na farko da ha'incinsa ya amfani wani. A bugu na bakwai cizal ya shige, wani abu ya yi tsaki a ciki, sai ruwa ya yi tsartuwa ya buge ni a ƙirji har na zauna a ƙasa.

Kin tuna abin da Baba yake cewa in ya zagaya katangar bayan ruwan sama? In hanci ya zubo farin ruwa, katanga numfashi take. In ya zubo ja, dutse ne ya fara tafiya.

Ja ne, Auta. Jawur, mai kauri, kamar an yi yanka a bayan katangar.

Na tashi na fasa ta huɗu, na fasa ta biyar. Duk ja. Layi ya cika da mutane. Ina kan ta tara Yaya ya iso da masu gadin majalisa biyu da takarda a hannu, an dakatar da ni daga aiki saboda lalata dukiyar hukuma. Ban san wanda ya buga musu ita ba, kuskure uku na gani a layin farko.

Yana cikin karanta min sai ga Inna ta fito da sandarta, ƙarar ruwan ce ta fito da ita. Ta ce a kai ta wurin. Na kama hannunta na kai ta. Ta tara tafinta a bakin kafar, ta murza abin da ya taru tsakanin yatsunta, ta daɗe tana murzawa. Ba ta tambayi kowa launinsa ba, ƙasar da ta ji ta ishe ta. Sai ta kira Yaya da sunan da take kiransa yana goye, a gaban masu gadinsa, ta ce ya miƙo hannu. Ta shafa masa laƙar a tafi, ta rufe yatsunsa a kai. Ba ta yi masa faɗa ba, da ma ta yi. Ta juyo ta ce min in sauko mata da akwatinta.

Kafin la'asar gida bakwai sun ɗaure kaya. Mai shago ma yana kwashe buhunansa, bai yarda mun haɗa ido ba. Yau za mu kwana a makarantar da ke ƙetaren kwari tare da sauran. Majalisa ta aiko mai shela yana yawo da lasifika yana cewa a kwantar da hankali, biki yana nan ranar Asabar kamar yadda aka tsara, kuma an turo a share jan ruwan daga kan layi kafin a kafa rumfa.

Yaya bai koma ofis ba. Ya ajiye hularsa a kan dakalinmu, ya ɗauki gudumar daga inda na yar da ita, ya ce in nuna masa ta goma. Inna ta aika a ce masa ya bar wurin ya biyo mu. Ya ce a gaya mata shi ya gabatar da ƙudurin. Da na waiwaya daga bakin layi yana kan ta goma sha huɗu, rigarsa ta rine, cikin da katangar ta turo yana bisa kansa. Saura ashirin da bakwai a gabansa, ban da biyun farko da na tsallake. Na so in ji daɗin cewa gaskiyata ce, na laluba ban sami komai ba. Hadari kuma ya haɗu a kan dutsen tun azahar, baƙi ƙirin, bai zubo ba, bai tafi ba.

Ki tare mu a tasha. Ki yi wa Yaya addu'a, ni bakina bai saba yi masa ba, amma ina koyo.

Taki,
Yayarki

Na manta. Inna ta ce ki janyo gadon zuwa tsakiyar ɗaki. Kada a kwantar da ita a jikin bango.