Lissafin Baba Ya Zauna

Zuwa ga Yayana abin ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka. Mu nan alhamdu lillahi. Inna ƙafar nan ce dai ke damunta, Gwaggo kuma ta zo ta yi mana sati tana ta yi wa kowa faɗa kamar yadda ta saba. Baba yana iya zama a kujera yanzu, hannun daman ne har yau bai dawo ba. Maganarsa ce ta sa na ɗauki biro, don a waya kuka zai hana ni.

Ka tuna amfilifayar nan, na'urar ƙara wa siginar rediyo ƙarfi, da ya duƙufa a kanta kafin shanyewar jiki ta same shi? Bai kai ga haɗa ta ba, a kwamfuta yake gwada ta. Da ƙaramar sigina, gwajin yana nuna ƙarin ƙarfin da bai taɓa samu ba a shekara talatin na aikinsa. Amma da an ɗaga ƙarfin da ke shiga, sai lissafin ya ƙi zama: kwamfuta ta yi ta laluben amsa, ta gaji ta tsaya. Ya ɗora ransa a kan abin nan, Yaya. Wai ranar da lissafin ya zauna zai kai wa mutanen wurin aikinsa, su ga hannu ne ya mutu, kai yana nan, su mayar da shi teburinsa. Tunda ni na gaji sana'ar, kai ka tsere ka bar ni da ita, aikin ya faɗo kaina. Kullum na dawo daga ofis, ko jaka ban ajiye ba zai tambaye ni ko lissafin ya zauna.

Sati uku ina fama. Daga baya na daina yi wa kwamfutar tsalle, na fara daga ƙasa ina ɗaga ƙarfin kaɗan-kaɗan, kowane mataki ya tashi daga amsar na baya. Ranar Asabar da hantsi, a teburin nan na bakin taga, lissafin ya zauna. Murnata ba ta yi minti goma ba. Awon ya nuna rabin abin da nake turawa ne kawai ke shiga, alhali ba abin da ke dawowa baya. To ina rabin ya tafi? Na bi lissafin layi-layi. Manhajar tana ba da ƙololuwar wutar ne, sai mutum ya raba biyu, sau ɗaya tak, kafin ya sami ainihin ƙarfin da ke shiga. Baba ya raba a layi na huɗu, ya sake rabawa a na sha ɗaya. Shi ya sa na'urar take kamar ta ninka ƙarfinta. Da na gyara, sai ta koma amfilifaya irin ta kowa.

Kwana biyu ina ce masa da saura. Ka san ni da ƙarya ba ma shiri, rana ta uku na ɗora masa kwamfutar a cinya. Ya bi layukan da yatsan hagu, tun ban nuna ba ya tsaya a na sha ɗaya da kansa. Sannan ya ce in duba masa ranar da aka rubuta layin. Na duba: wata biyar kafin ciwon. Ya ce ashe kan ne ya riga hannun tafiya. Wallahi da na san abin da zai tambaya ke nan, da ban kawo masa ba. Ya ce in rufe kwamfutar in kai ɗakina, ta zama tawa. Har yau bai sake ambaton teburinsa ba, abinci ma sai Inna ta yi ta lallashi.

Ka gaida mini uwargida da kyau, da 'yarka Hajiya Ƙarama, da 'yan biyunka masu ƙiriniya. Inna da Gwaggo suna gaishe ku.

Baba ya roƙe ni kada in gaya maka, wai kai kaɗai ka rage da ke ganin sa yadda yake a da. Na saɓa masa, Allah ya yafe mini. In ka zo kada ka nuna ka sani. Amma ka zo, Yaya, kada ka jira hutun ƙarshen shekara.

Ni ce ƙanwarka,
'Yar Baba